Albasa Biyar a Kan Bene

Ni ɗan birni ne, kuma ban taɓa jin nauyin faɗar haka ba sai da na zauna a Riyad. A gidanmu ba a noma. Mahaifina tela ne, kakana ma tela, iyakar sanina da ganye shi ne a aike ni bakin kasuwa in sayo, in dawo a ce an cuce ni. Da na zo Riyad tuƙin motar rarraba kaya, a shekarun nan da aka farfasa titunan garin ana aikin jirgin ƙasa, sai Allah ya haɗa ni zama da manomi.

Ɗakin da aka kama mana, mu direbobi uku, yana cikin wani tsohon bene mai hawa uku a unguwar Shumaisi. Mai gadin gidan, wanda Larabawa ke kira haris, dattijo ne Bahaushe, mutumin wani ƙauye na bakin gulbi, ya haura shekara ashirin a ƙasar. Dukanmu Baba muke ce masa. Shi kuwa tun ranar da ya gan ni riƙe da ganyen karas ina tambaya ko lansir ne, ya raɗa mini ɗan birni, bai ƙara kirana da wani suna ba. Da farko abin yana ba ni haushi, don ni mutum ne mai saurin hawa. Daga baya in ya wuni bai faɗa ba sai in ji kamar ba mu gaisa ba.

Aikinsa shara ne, da wanke matakala, da kunna injin ruwa, da ɗauko wa matan gidan tukunyar gas. Wannan duk da hannu yake yi. Zuciyarsa tana can saman bene, bayan tankunan ruwa, inda mai gidan ya bar masa wani lungu. A nan ya jera akwatunan soso irin na masu kifi, da bokitan fenti, da tayoyi, da wani tsohon bahon wanka da aka yar. Ƙasar cikinsu jan yashi ne da ya riƙa roƙa a wuraren gini, ya cakuɗa da takin tumaki. Takin nan ni nake ɗauko masa daga kasuwar dabbobi a bayan motata, ina mita tun daga can har gida, don sai motar ta kwana uku tana wari. Ba ya ko tanka mini, sai dai ya buɗe buhun ya damƙi takin ya murza, ya ce wannan ya ruɓe da kyau.

Kusan rabin shekara lungun nan kango ne. Babu abin da ke ciki sai busasshiyar ƙasa da kashin tattabaru. Amma da zarar Oktoba ta raba, aka fara kashe na'urar sanyi da asuba, sai ka ga Baba ya canza. Tafiyarsa ma sai ta ƙara sauri. Ranar Juma'a ya tafi kasuwar Batha wajen wani mai shagon iri, ya dawo da ƙananan ƙulli a aljihu: latas, kabeji, karas, jarjir mai ɗan ɗaci kamar lansir, da alayyahun nan nasu mai faɗin ganye da suke kira sabanik. Kafin Nuwamba ta yi nisa ya gama yayyafa iri, wanda ake dasawa ya dasa.

Na taɓa tambayarsa wane irin manomi ne ke jira sai sanyi ya kusa sannan ya yi shuka. Ya yi dariya har da tari.

"Ai ni ma na yi irin wautarka," in ji shi. "Shekarar da na zo, aka aiko mini cewa an yi ruwan shuka a gida. Jikina ya hana ni zama. Na hau nan na zuba kuɓewa da yakuwa da rama. Kwana huɗu suka fito, kwana na shida rana ta soye su. Na sake, ta sake. Sai wani Bayamane mai shago ya ce mini, ya haj, lafiyarka? Ƙasar nan sanyi ne daminarsu. Sai na zauna na duba, ashe noman rani ne kawai irin namu na fadama, gulbin ne babu. Duk abin da ke jure ɗari shi za ka ba ta. Ɗarin ma zaƙi yake ƙara wa karas."

Gaskiyarsa kuwa. Daga ƙarshen Disamba har Fabrairu ba ma sayen ganye. Har matan benen suna aiko da kwano. Ni dai nawa ci ne, da ɗaukar ruwa in ya matsa mini. Yana aiki yana bayani, ni ina tsaye ina latsa waya ina cewa to Baba, haka ne Baba. Rabin abin da ya faɗa ban ji ba, kuma wannan rashin jin shi ne abin da har yau nake cizon yatsa a kai.

A cikin duk shukarsa akwai guda ɗaya da ba a Batha yake sayen irinta ba, ita ce albasa. Wata ja ce, mai faɗi kamar an danne ta, ga yaji, in an yanka ta a ɗaki kowa sai ya sani. Ya ce irin mahaifinsa ne, shi ma daga nasa uban ya gada. Lambun da ake noma ta ya daɗe da tafiya, gulbi ya cinye rabi, 'yan'uwa suka sayar da rabi. Mutanen garinsu kuma duk sun koma irin gwangwani na kanti, mai girma da wuri. A iya binciken da ya yi, babu mai sauran jar nan ko'ina, sai wanda ya ƙullo a leda ya sa cikin hularsa ranar da zai taho.

"Na san abin da ake cewa a gida," ya gaya mini wata rana, muna zaune a kan bulo. "Wane ya shekara ashirin a Saudiyya, ko ɗaki bai ɗora ba. Ba ƙarya suka yi ba. Aurar da 'ya'ya da ciwon uwarsu sun cinye. Amma ranar da zan koma, da wannan zan koma. Ƙanin matata ya yi mini alkawarin fangali huɗu a bakin ruwa. In na mayar da ita inda ta fito, ko gobe na mutu ban dawo hannu wofi ba."

Yanzu na san yadda albasa take, bari in faɗa yadda ya kamata a ce na fahimta tun a lokacin. Ba ta ba da iri a shekarar da aka shuka ta. Ka shuka baƙin irin, ya ba ka kai. Ka zaɓi kawunan da suka fi lafiya ka adana, shekara ta zagayo ka binne su, su ne za su fid da kara su yi fure, furen ya bushe ya ba ka sabon iri. Shi kuma irin ba ya daɗewa, in ya shekara biyu ya mutu. Don haka duk sanyi Baba aiki biyu yake yi, ya shuka iri don ya sami kawuna, ya binne kawuna don ya sami iri. Haka ya yi ta juya ta shekara ashirin a kan rufin mutane. Irin yana zuba shi a wani gwangwanin madara da ke kan kanta a ɗakinsa, wannan kam na sani, don na sha ganin yana girgiza shi a kunne.

Abin da ban sani ba shi ne abin da bazarar shekarar da abin ya faru ta yi masa. Na'urar sanyin ɗakinsa ta lalace a tsakiyar zafi, aka ɗauki makonni ba a gyara ba, shi kuma ba mai kai ƙara ba ne. Ɗakin ya zama tanda. Kawunan da ya rataye suka ruɓe, biyar kaɗai suka tsira. Irin da ke gwangwanin madarar kuma ya shuka shi a Nuwamba, shiru. Ya sake, shiru. Sai ya zuba karas a akwatin, bai gaya wa kowa ba. Na tuna na same shi sau ɗaya zaune gaban akwatin ya zuba masa ido, na ce Baba gajiya ce? Ya ce gajiya ce. Ashe duk abin da ya rage na mahaifinsa a duniya kawunan nan biyar ne da ya binne a tsohon baho.

A ƙarshen Disamba sanyi ya sauko da gaske, irin wanda ruwan famfo ke yanka hannu da asuba. Baba ya kama tari. Ya sha citta, ya sha kanumfari, ya ƙi asibiti, har ranar da na same shi zaune a matakala da tsintsiya a hannu ya kasa tashi. Na ɗauke shi a motata zuwa asibitin unguwar. Suka ce huhunsa ya tara ruwa, suka ba shi gado.

Kafin in fito ya zaro makullin saman bene daga wuyansa ya miƙo mini.

"Ɗan birni, ban ruwa da hantsi, in rana ta ɗan ɗaga. Kada ka ba su da yamma, ruwan zai kwana a saiwa ya yi ƙanƙara. In ka ji ɗari ya yi yawa ka rufa wa latas buhu. Sauran za su jure."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na yi kuwa yadda ya ce, har na ba kaina mamaki. Kullum kafin in fita aiki sai na hau da bokiti biyu. Na fara gane kabeji da ganinsa. Har hoto nake ɗauka in kai masa lokacin dubiya bayan la'asar, ya riƙe wayar nesa da fuska yana dubawa, ya ce ba laifi, za a yi mutum da kai.

Sai dai ba ya cin abinci. Abin da ake kawo masa mai kyau ne, shinkafa da kaza da madara, amma sai ya ɗaga murfi ya mayar. Ya ce bakinsa ba ɗanɗano, komai kamar auduga. Cikin mako biyu wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako, agogonsa yana zamewa har gwiwar hannu. Likita ya ce mini in bai ci ba magani ba zai yi aiki ba. Na yi lallashi, na yi faɗa. Ranar wata Alhamis har na ɗaga masa murya, na ce in so yake ya mutu a ƙasar mutane ya faɗa mana mu sani. Can ya ce, a hankali, da zai sami fate mai ruwa-ruwa, wanda ya ji lawashi, wataƙila da ya sha.

Na fita daga asibitin nan kamar an yi mini kyauta. A wurinmu ba a zuwa dubiya da abin da aka ga dama, mafi kyawun abin da ke gida shi ake kai wa mara lafiya. Na ce wallahi Baba zai sha faten da bai taɓa sha ba, kuma da ganyen hannunsa.

Washegari Juma'a ba aiki. Tsaki babu, amma akwai jarish, ɓarzajjen alkamar da Larabawa ke dafawa, ya isa. Na sami gyaɗa na daka. Bayan an sauko daga masallaci na hau bene da roba. Na tsinki sabanik, na tsinki jarjir kaɗan don ɗaci. Sai na juya neman lawashi. Ga su nan a baho, biyar, kowace ta rabu gida uku ko huɗu, ganye kore shar, tsayinsa ya kai gwiwata, babu abin da ya kai su kyau a duk rufin. Ni kuwa albasa mai lawashi a ɗaure na san ta a kasuwa, da gindinta da saiwarta. Ban taɓa sanin ana yankar ganye a bar gindi ba. Na kama ta farko na tuge. Na ga tukunyar babba ce, ga abokan ɗakina biyu su ma za su sha, na tuge ta biyu. Ina tugewa ina jin daɗi, ina cewa a raina ai iri na nan a gwangwani. Kafin in ankara bahon ya zama fili.

Faten ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ƙamshinsa har hawa na uku. Na cika kula na nufi asibiti ina sauri kada ya huce.

Da na buɗe murfin, Baba ya lumshe ido ya ja numfashi. Na tayar da shi zaune, na sa masa filo a baya. Ya yi bismilla ya kai cokali na farko, ya daɗe bai haɗiye ba. Ya kai na biyu, ya kai na uku. Ni ina gefe ina washe baki kamar wanda ya ci jarrabawa. A cokali na huɗu ne ya tsaya. Ya juya faten, ya ɗago wani yanki fari mai jan baki, ya kawo shi kusa da ido.

"Wannan daga ina?"

"Daga lambunka mana, Baba. Na baho."

"Ganyen ka yanka?"

"Na dai ciro su."

"Guda nawa?"

"Duka biyar ɗin. Ai ba a yi wa mara lafiya rowa."

Ya mayar da cokalin cikin kula, ya ɗora hannayensa biyu a kan bargo yana kallonsu. Na ji wani abu ya taɓa ni, amma ban san mene ne ba, sai na yi maza na ce in ya warke sai mu sake shukawa, tun da ga iri can a gwangwani.

"Na gwangwani ya mutu tun bazara," in ji shi. "Sau biyu na gwada shi. Waɗannan na bar wa iri."

Ya faɗe shi ne kamar mai faɗar ƙarfe nawa. Kuma don halina bai da kyau, abin da ya fara zuwa mini haushi ne. Na ce haba Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba? Ka gaya mini ruwa, ka gaya mini buhu, wannan ne ba za ka faɗa ba?

"Ban zaci akwai wanda ake gaya wa ba," ya ce. Ba da gatse ya faɗa ba. Shi a duniyar da ya tashi, yaro ɗan shekara biyar ya san ba a taɓa albasar iri.

Sai ya sake ɗaukar cokalin. Na ce ya bari in ya ƙoshi, ya girgiza kai. Ina tsaye ina kallo ya shanye faten nan tas, a hankali, har ya karkata kular ya kwashe na gindi. Rabonsa da cin abin kirki mako biyu. Da ya gama ya yi hamdala, ya goge baki, ya ce, "Ta yi daɗi. Haka take a gida. Allah ya yi maka albarka." Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Wannan albarkar da ya sa mini ita ce ta fi komai yi mini ciwo.

Ban jira an kori masu dubiya ba. Na koma gida na zazzage kwandon sharar kicin a ƙasa, abokan ɗakina suna kallona suna zaton na yar da iƙamata, katin izinin zamana a ƙasar. Cikin ɓawon gyaɗa da ganyen shayi na tsinto gindin albasar da na yanke na zubar. Uku na samu masu sauran saiwa. Na wanke su, na hau bene kafin magariba, na binne kowanne a bokitin fenti. Da na gaya wa Baba washegari, sai ya ce, "Ba laifi. Kada ka cika musu ruwa." Ban ga alamar ya sa rai ba.

Biyu suka ruɓe. Na ukun, bayan kwana tara, ya huda ƙasa da wani ɗan kore siriri kamar allura.

Baba ya fara cin abinci tun daga ranar faten, wannan ma gaskiya ne, kuma na sha riƙe shi in lallashi kaina. A ƙarshen Janairu aka sallame shi. Sai dai ƙirjin bai koma daidai ba, taku goma sai ya tsaya. Matakalar da ya wanke shekara ashirin ta gagare shi hawa. Bai ƙara ganin saman benen ba. Kafil ɗinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardun aiki, wanda ba mugun mutum ba ne, ya zo ya zauna da shi, ya ce ya haj, khalas, ya isa haka, jikinka ya gaji, ka koma cikin iyalinka. Aka buga masa huruj, fita ta ƙarshe, aka sa ranar tafiya a Fabrairu.

Kwana biyu kafin ya tafi na sauko da bokitin tun daga sama har ɗakinsa. Ganye huɗu ne a lokacin, ɗaya ya fi sauran kauri. Ya sa yatsa biyu ya shafa mai kaurin daga ƙasa har sama, kamar yadda ake shafa kan jariri.

"Tana da rai," ya ce. "Wannan na tsakiyar kara ne, in Allah ya so za ta yi fure. Amma ba ta tafiya. In aka tuge ta yanzu shi ke nan."

Na ce zan kula da ita, in iri ya yi zan ba masu zuwa gida su kai masa har ɗaki. Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko gwangwanin madarar, ya buɗe ya juye mataccen irin a kwandon shara, ya buga gindinsa sau biyu, ya ba ni.

"In ta yi, ka zuba a nan."

Ni na kai shi filin jirgi. Kayansa jaka ɗaya ce, da bargo, da kwalin dabino. Na riƙe masa jakar har inda ake hana masu rakiya wucewa. Na so in ce ya yafe mini, na shirya maganar tun a mota, amma da na buɗe baki sai na ji ina ce masa ya riƙa shan magani a kan lokaci. Ya ce to, ɗan birni. Ya tafi yana tsayawa yana hutawa, hularsa a karkace, ba komai a cikinta.

A Maris karan ya yi tsawo ya kai ƙuguna, kansa ya fashe ya fid da fure fari, dunƙule guda kamar ƙwallon yara. Na kira shi a waya ina murna. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, ina jin kukan awaki a bayansa.

"Guda ɗaya ne furen?"

"Ɗaya ne, amma babba."

"Ƙudan zuma na zuwa?"

Na ce ban gani ba. Ya ce da furannin suna da yawa ƙuda ma ya isa, yana tashi daga wannan ya sauka a kan wancan. Ita kaɗai kuwa sai an taimaka mata. Ya ce in sami gashin tattabara in riƙa shafa furen da hantsi, daga wannan gefe zuwa wancan. Haka na yi kullum har mako uku, ƙato da ni, tsugune a kan rufi da gashin tsuntsu a hannu, ina makara wurin aiki ana yi mini faɗa.

A wannan wayar ce na samu na faɗi abin da na kasa faɗa a filin jirgi. Na ce Baba ka yafe mini, na raba ka da abin mahaifinka. Ya ce, "Kai ɗan birni, ka cika surutu. Tun da na dawo babu abin da na ji ɗanɗanonsa. Faten nan naka shi ne na ƙarshe da na san na ci abinci. Wanda ya ba ka wannan ba ka riƙe shi a zuciya." Daga nan tari ya sarƙe shi, 'yarsa ta karɓi wayar ta ce sai an jima.

Zafi ya shigo da wuri a shekarar. Na yi wa bokitin rumfa da kwali. A ƙarshen Afrilu furen ya bushe, na yanke shi na murza a kan farar takarda. Abin da ya fito bai cika cokalin shayi ba, baƙi, amma shafal, wasu in ka danna da farce sai su fashe ba komai ciki. Duk da haka na zuba a gwangwani na kira lambarsa. 'Yarsa ce ta ɗauka. Ta ce ai Baba kwanansa shida da rasuwa, sun nemi lambata a wayarsa ba su gane ba, don ba suna ya sa ba, ɗan birni ya sa aka rubuta masa.

Na yi kuka a ranar, a cikin mota, a gefen titi, kayan mutane a baya suna jira. Ba mutuwar kaɗai nake wa kuka ba, ya manyanta, kuma ya mutu cikin 'ya'yansa. Abin da ya tsaya mini shi ne fangali huɗun nan na bakin ruwa, da dattijon da ya sauka a garinsu bayan shekara ashirin da jaka ɗaya da kwalin dabino, kamar yadda masu magana suka ce zai sauka. Kuma hannuna ne ya yi.

Ya taɓa gaya mini, wannan kam na ji, cewa in ana so a san iri mai rai sai a zuba shi a ruwa, mai rai ya nutse, matacce ya taso. Ban gwada ba. Tsoro nake ji. Na naɗe gwangwanin a leda na sa a firij ɗinmu, na yi ta faɗa da abokan ɗakina duk bazara a kan kada wanda ya matsar da shi. Na gaya wa kaina in ya fito, zan kai kawunan da kaina har ƙauyen, in nemi ƙanin matarsa.

Da Nuwamba ta zo na ɗauko taki, ban yi mita ba. Na gyara ƙasar bahon yadda na ga yana yi, na ja layi da yatsa, na yayyafa irin, na rufe da yashi marar nauyi. A sauran akwatunan na zuba latas da karas da sabanik na Batha, cikin mako guda duk suka fito. Albasa takan yi kwana goma, wani lokaci sha biyu in da sanyi. Na ba ta ashirin. Na ba ta wata guda.

Sabon mai gadin, wani ɗan Bangaladash mai yawan fara'a, ya hau wata safiya duba tanki ya same ni ina zuba ruwa a bahon. Ya tambaye ni da guntun Larabcinsa me na shuka a nan. Na ce albasa. Ya sunkuya ya duba da kyau, ya ɗago ya ce shi bai ga komai ba. Na ce ni ma ban gani ba, na ƙarasa juye ruwan da ya rage a bokitin.